Kano Goma a Kan Tabarma Ɗaya

Da an sallame sallar la'asar, yaron mai shayi zai jawo tabarma da wani benci mai ƙafa uku da rabi ya ajiye a gindin darbejiya, can cikin birni tsakanin Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya. Kafin ruwan shayi ya tafasa sun hallara. Ƙaraminsu ya ba saba'in baya. Yawancinsu tare suka yi makarantar allo, tare aka zane su a kan wankan kududdufi, kuma yau kusan shekara talatin ke nan zance ɗaya suke yi: yadda Kano take a da. Ni ma ina cikinsu, gara in faɗa da bakina kafin wani ya tona.

Na daɗe da gane cewa ba labarin gari ɗaya muke bayarwa ba. Kowa da Kanonsa a aljihu, kamar goro, kuma ba mai yarda na wani ya fi nasa.

Mai buɗe taro kullum shi ne Malam Da-Idona. Mu muka laƙaba masa, domin ba abin da ya taɓa faruwa a garin nan a bayan idonsa. Zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 yana bakin titi, kuma shi ta ɗaga wa hannu, ba sauran jama'a ba. Naɗin Sarki Ado Bayero a 1963 yana tsaye dab da masu algaita. Wannan duk mun karɓa, shekarunsa sun kai. Sai dai idan hira ta yi daɗi birki yakan ƙwace masa. Wata rana ya ba mu labarin saukar jirgin sama na farko a Kano, yadda jama'a suka ranta a na kare, wata mai fura ta bar ƙwaryarta a fili, har ya kwaikwayi ƙugin jirgin da baki. To, abin nan a 1925 ya faru, shi kuwa takardar fanshonsa ta ce 1947 aka haife shi. Da aka tuna masa, ko gezau. Ya gyara zaman hula ya ce, "Ai babana yana wurin, idon uba kuwa idon ɗa ne."

Ba sai na faɗa muku wanda ya tuna masa ba. Hedimasta ne. Shekara 35 yana riƙe da alli, ya yi ritaya amma jan bironsa bai yi ba. Tabaransa ɗaure yake da zare a kunne ɗaya, kuma duk maganarsa da "A'a" take farawa. "A'a, ba jirgi ɗaya ba ne, uku ne, na sojan saman Ingila." Gaskiya ce, uku ne. Abin haushin ke nan game da Hedimasta, da wuya ka kama shi da kuskure. Bagauda a 999, Gijimasu ya fara ginin ganuwa, Wangarawa sun iso zamanin Yaji, Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, a zamaninsa Shehu Maghili ya zo. Duk a kansa suke kamar Fatiha. Laifinsa ɗaya, bai san lokacin da ba a tambaye shi ba. Kuskure ne babba mutum ya share gumi ya ce tun zamanin Barbushe ba a yi zafi irin na bana ba. Ka jawo wa majalisa darasi har kiran magariba.

Akwai muhawarar da shi kansa bai iya kashewa ba: ta wace ƙofa Turawa suka shigo a watan Fabrairun 1903, lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato? Rabin tabarma Kabuga, rabi Dukawuya. Hedimasta ya yi bayani ya fi sau ɗari, Da-Idona ya zana taswira a ƙasa da sandarsa, amma duk shekara in sanyi ya shigo sai an sake tayar da ita fil, kamar ba a taɓa yi ba. Na taɓa ganin dattijai biyu masu jikoki sun yi kwana uku ba sa gaisawa a kan wannan ƙofa.

Wanda kaɗai ya taɓa kayar da Hedimasta shi ne Mai Aljanu. Siriri ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ya fara magana sai ya waiga hagu da dama. A Kanonsa kowace kuka da mai ita, kowane kududdufi yana cin yaro ɗaya a shekara, kuma duk wanda ya hau Dutsen Dala da tsakar dare shi ya jiyo. Shi bai taɓa gani ba. Kullum wani abokin yayansa ne ya gani, abokin nan kuwa ya rasu. Ranar da Hedimasta ya ce masa duk wannan tatsuniya ce, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, littafin nan naka na tarihin sarakunan Kano, ba shi ya ce Barbushe yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka ba? Ba shi ya kawo zancen Tsumburbura ba?" Hedimasta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ranar dai ba mu ji shekara ko ɗaya ba. Ni kuwa a raina na san amfanin labaran Mai Aljanu: su suka hana da yawanmu nitsewa a kududdufi muna yara. Iyayenmu mata ba su da shinge, sai aljani.

Sai Alhaji Da-Na-Sani, wanda na fi tausayi kuma na fi gudun zama kusa da shi. Shi tarihinsa duk farashi ne. Ka ambaci wuri, zai gaya maka nawa aka yi masa tayinsa. Titin gidan zu? "Lokacin da Audu Bako yake gina wurin, daji ne, dila yana kuka da rana. Fili aka kawo mini har gida, na ce me zan yi da gonar rogo." Bayan Ƙofar Kabuga? An kawo masa. Hanyar Zariya? Nan ma an kawo, ya sayi keke da kuɗin. Keken nan ya fi kowane keke tsada a tarihin ƙasar Hausa, in an auna da abin da filin yake yi a yau, kuma shi da kansa yake yin lissafin, da yatsu, duk mako. In aka zo zancen dalar gyada da ake tarawa a wajen Ƙofar Mazugal, wasu suna tuna tsayinta da ƙarfin 'yan dakon da suke hawa da buhu a ka, shi kuwa yana tuna kuɗin buhu. Bai taɓa yafe wa naira ba tun da ta kori fam da sule a 1973. Har gobe in yaron mai shayi ya faɗi kuɗin kofi, sai ya mayar da shi sule a zuci, ya yi salati, ya ce da wannan kuɗin ya yi lefen uwargidansa. Sannan ya jira wani ya biya.

Kusa da shi Alhaji Mai Carbi yake zama, farar riga, farin gemu, sahun gaba a masallaci. In ana zancen da, tasa gudummawar ita ce tarbiyya ta lalace, yaran yanzu ba kunya. Muna jinsa muna kallon ƙasa, domin mun san wanda yake haura katanga a shiga silima. Asirinsa yakan tonu ne in wani ya yi kuskuren sunan fim. Nan take carbi zai tsaya. "Kai, ba a Plaza aka nuna wannan ba, a Palace ne, daren Asabar, kuma ɓarawon bai mutu a gada ba, a jirgin ƙasa ya mutu." Zai jero El Dorado da Orion da Rex, ya faɗi wadda ta fi arha da wadda bencinta ke da kuɗin cizo, har kafaɗarsa ta fara motsi irin na rawar Indiya. Can sai ya farga, ya yi istigfari, ya ce, "Haka dai na ji 'yan iskan lokacin suna faɗa." Kuma ko da yake a fili yana cewa Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya yi jihadi da ya mayar da silimar Palace asibiti, na lura duk sanda muka bi ta Jakara sai ya rage tafiya.

Da an ambaci Bakin Zuwo kuwa an taɓo gidan rina, don muna da Ɗan Santsi da Ɗan Taɓo. Tare suka taso a gidan NEPU, wadda aka kafa a 1950, tare suka sha gudu daga 'yan doka, tare suka shiga PRP. Da jam'iyya ta dare bayan zaɓen 1979, Ɗan Santsi ya bi Abubakar Rimi, Ɗan Taɓo ya tsaya wa Malam Aminu Kano. Malam ya rasu tun 1983, jam'iyyun duk sun zama tarihi, amma su biyun nan ba a sanar da su ba. Kowanne yana kiran ɗan'uwansa maci amana, a kofi ɗaya suke shan shayi, kuma ɗan wannan ne yake auren 'yar wancan.

Mai Dangi ba zan daɗe a kansa ba, don shi ma ba ya daɗewa kafin ya sa baki. Duk wanda aka ambata kakansa ne. Alhassan Ɗantata, ta wajen uwa. Malaman Madabo, ta wajen uba. Ranar da aka yi zancen Ɗan Hausa, Baturen nan da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, mun ga bakinsa ya motsa, sai dai Allah ya taimake shi ya yi tari.

Muna kuma da baƙo. Bazazzagi ne, ya zo Kano aikin reluwe yana saurayi, ya yi aure a nan, ya aurar da 'ya'ya da jikoki a nan, amma har yau "ku Kanawa" yake cewa. Aikinsa a majalisa ɗaya ne, ya jira mu gama kirarin tumbin giwa sannan ya saka allura. In mun yabi badala, ya ce ai ganuwa sai ta Amina. In mun yi kukan an cinye ta da gine-gine, ya ce, "To wa ya saya, wa ya sayar? Ku da in an taya Dala da daraja sai kun ce a kawo kuɗi." Wasan Kanawa da Zagezagi ne, ba a fushi. Amma maganar tana da ƙaya, domin gaskiya ce. Badalar da muke hawa muna yara mu hango har Goron Dutse, yau a wurare da yawa sai ka tambaya a nuna maka inda take. Ƙofar Na'isa da muke taƙama da ita an rushe ta don faɗaɗa titi aka sake gina wata. Mukan ɗora laifin a kan hukuma, mu yi ta tsaki. Ba wanda yake tuna cewa rabin ɗakunan unguwar nan da jar ƙasar badala aka yaɓe su, kuma jakunan da suka kwaso ta ba daga Zariya aka aiko su ba. Ɗakin da na yi angwanci a ciki yana cikin lissafi.

A ƙarshen tabarma, jingine da bango, akwai wanda ba mu sa wa suna ba. Marini ne, ya yi shekara hamsin a karofin Ƙofar Mata, wanda aka ce tun 1498 ake rini a cikinsa. Har yanzu in ya miƙo hannu karɓar shayi za ka ga shuɗin baba a gefen faratansa, sabulu ya gaza. Yawanci gyangyaɗi yake yi. Ba ya musu a kan ƙofa ko shekara. Amma in aka ambaci wani tsohon abokinmu, ba tare da ya buɗe ido ba zai ce, "Allah ya jiƙansa, da azumin bara." Shi yake riƙe da wannan lissafin, kuma ko Hedimasta bai taɓa ce masa "A'a" ba. Sau ɗaya na ji ya yi doguwar magana, ranar da jikan wani ya tambaye shi yadda ake haɗa rini. Ya tashi zaune, ya yi bayanin baba da toka da kanwa, kwana nawa ake bari ya nuna, yadda ake gane ya yi daga kumfa da wari, yadda Buzaye suke zuwa sayen baƙin yadi mai ƙyalli. Muka yi tsit. Ashe duk shekarun nan mai Kanon gaske yana gefe yana barci, mu muna ta faɗa a kan jirgin sama.

Saura ni. Ni ne Mai Littafi. Tun Sarki Ado yana da sauran ƙarfi nake cewa zan rubuta duk abin da ake faɗa a tabarmar nan. Na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, na rubuta bisimilla da kwanan wata a shafin farko. Uwargida ta gaji da ganinsa, yanzu a ciki take lissafin adashi. Ita ma, in hayaniyarmu ta yi yawa, takan aiko yaro daga cikin gida ya ce, "Wai in ji Hajiya, ba a shekarar aka yi ba, shekarar da aka haifi Yaya ce." Kuma in an bincika ita ke da gaskiya.

Da muka fara zama a gindin darbejiyar nan mu goma sha bakwai ne, tabarma uku ake shimfiɗawa. Yanzu ɗaya ta ishe mu, har da wurin ajiye takalmi. Saboda haka, ɗan samari, in ka bi ta lungun nan tsakanin la'asar da magariba, ka rage gudun babur ɗinka, ka yi sallama, ka zauna. Wayar nan da ke hannunka tana ɗaukar murya, ka kunna ta, ka matsa kusa da mai shuɗin farce. Ka taho da goro na ɗari biyar. Abu ɗaya kawai nake roƙonka, kada ka tambayi ta wace ƙofa Turawa suka shigo.