Wasiƙa daga Manchesta: Malamin Turanci ya koma aji ɗaya

Taubashina,

 Ka gaishe mini da Kawu, ka ce masa sanyin Riruwai da yake ba mu labari wasan yara ne. A nan a watan Disamba ana kiran magariba kafin ƙarfe 4.

Zauna da kyau, don na san za ka yi dariya har ka faɗo daga benci. Ni da na yi shekara 14 ina koyar da Turanci a firamare, ni da mutane ke kawo wa wasiƙa daga Kwanar Dangora in karanta musu, an sa ni ajin koyon Turanci na manya. Muna 15: Somalawa, 'yan Sudan, Kurdawa, da wani tsohon likita ɗan Afganistan mai furfura. Malamarmu kuwa yarinya ce, kuma wai da sunanta za mu riƙa kiranta, gatsal. Har yau bakina ya ƙi.

Nahawuna lafiya lau, a rubutu na fi kowa. Kunnen ne ya ci amanata. Mutanen garin nan haɗiye rabin kalma suke yi kamar masu cin tuwo da zafi. Ranar da na sauka wata mai kanti ta ce mini "masoyi", na koma gida ina lissafin sadaki, ashe har karen maƙwabta haka take kiransa. In sun tambaye ka ko kana lafiya, gaisuwa ce kawai, ba sa jiran amsa. Ni kuwa na tsayar da direban bas na zayyana masa ciwon bayana. Wani ya gayyace ni shan shayi, na cika cikina kafin in tafi, na tarar abincin dare suke kira shayi.

Babban tashin hankalin shi ne darasin neman aiki. Malama ta ce in rubuta tarihin aikina, abin da suke kira CV. Na rubuta gaskiya: koyarwa, noman rani a gindin dam ɗin Tiga, da sarin masara daga Doguwa. Ta karɓa ta gyara. Taubashi, da na karanta ban gane kaina ba. Gayyar da nake kira a gonar Kawu ta zama "jagorancin ma'aikata 20". Cinikin da muke yi da dillalai ya zama "ƙwarewa wajen sasanci". Tsallake Dajin Falgore da daddare a bayan mota kuwa, wai "juriya a mawuyacin hali". Wannan kam ban yi mata gardama ba.

Sai gwajin ganawa da mai ba da aiki. Ta ce in kalle ta cikin ido in faɗi abin da na fi kowa iyawa. Mu da aka raina a kan yabon kai jahilci! Na sunkuyar da kai na ce, "To, ana dai taɓawa." Ta ce da wannan amsar ko shara ba za a ba ni ba. Yanzu kullum da asuba ina tsayawa gaban madubi ina yi wa kaina kirari kamar maroƙin da ba a biya ba.

Ranar Litinin zan je neman aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Can gaba kuma akwai jarrabawar zama ɗan ƙasa, tambaya 24 a minti 45, sai ka ci 18. Sarakunan Ingila nake haddacewa, ni da na Kano ma daga Dabo nake rikicewa.

Ka tuna lokacin da Inna ke ɗaukar fitila tana tafiya ajin yaƙi da jahilci na hukumar da Rimi ya kafa a 1980, muna bin ta muna waƙar gemu da karatu? Ka je ka durƙusa a madadina ka ce ta yafe, ɗanta ya gaji bencinta. Amma kada ka ba ta labarin mai kanti.

In wani zai taho, ka aiko da kuka da daddawa. Kuɗin sharata na cika-ciki kuma ban yafe ba, kuma da fam nake karɓa yanzu.

Naka,
Ɗan gwaggonka