Fayil Ɗaya, Sabar Goma

Masu kula da sabar sun gaji da bin injuna ɗaya bayan ɗaya. Yanzu a fayil guda suke rubuta saituna: adireshin rumbun bayanai, lambar ƙofa, kalmar sirri. Sai ɗan ƙaramin shiri ya shelanta wa kowace sabar, kamar sanƙira. Harafi ɗaya ya kuskure, shi ma za a raba shi daidai wa daida, ba son kai.

Injiniya a Legas yana taƙamar daga kujerarsa yake juya duniya. To, a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Sabon Birni da Isa. Fayil lafiya lau, sabar lafiya lau, mai POS dai sai hamma. Mai neman sabis kuwa sai ya nufi bakin iyakar Nijar.