Hancin Da Ya Dawo Daga Bautar Ƙasa

Ranar Talata ɗan ƙanwata da ya gama bautar ƙasa a Legas ya zo gaida kakarsa Hajiya. Aka zubo masa tuwon dawa da miyar kuka. Ya ɗaga murfi, ya shaƙa, ya yamutse fuska ya ce, "Kawu, gaskiya wannan warin sitirenj ne a wurina."

Sitirenj! Yaron da aka yaye shi da miyar kuka! Janar Gowon ya kafa bautar ƙasa a 1973 don yaranmu su san al'adun wasu bayan yaƙin basasa. Ban ji an sa a dokar cewa su dawo sun manta da nasu ba.

Kuma Legas ɗin nan Yarabawa ma da iru suke miya, iru kuwa daddawa ce, kalwar ɗorawa ɗaya ce. Ashe hancin da ya shekara yana shaƙarta a Agege shi ne ya sauka a tashar Unguwa Uku ya ce bai taɓa ganinta ba. Ko dai hancin daban aka tura shi nasa aikin? Wataƙila yaron yana Legas, hancin yana Landan. A kai shi ofishin shige da fice a duba ko an buga masa biza. In ta tabbata, a ba shi takardar shaidar kammalawa tasa, a yanka masa alawus, a nema masa masauki a otal.

Hajiya ta ce, "Me maigidan nawa ya ce?" Kowa ya yi shiru. Nan raina ya ɓaci. Da Hausa bakinsa ba zai iya cewa bai san daddawa ba, kunya za ta hana shi. Sai ya laƙo Turanci ya raina girkin tsohuwa a gabanta, ita tana ta yi masa fifita.

Af, tunda an zo kan daddawa, wa ya ba masu sayarwa izinin cusa mana ta waken suya su ce ta kalwa ce? Ka jefa ƙulli biyu a tukunya, maƙwabci ko leƙowa ba ya yi. Masu gawayi kuma sun tasa itatuwan ɗorawa a gaba da gatari. Wannan shi ne abin da ya kamata majalisa ta kira zaman gaggawa a kai, a kuma gayyato matan da ke dafa kalwa su yi bayani.