Turare sai an ɗora shi a garwashi

Mu a layinmu, da la'asar ta yi sakaliya ba sai an gaya miki wadda ta gama shara ba. Ƙamshin da ke tsallako katanga ne zai ba ki labari. Gidan kusurwa sandal ne kullum, gidan da ke kallonmu hawi, amaryar da ta tare bana kuma har yanzu tana cin kwalaben da danginta suka jera mata a kayan ɗaki.

Jiya muna zaune a tsakar gida ana tsintar shinkafa, sai ga maƙwabciyata da sabuwar kwalba daga hannun dillaliya. Ta buɗe, kowa ya kai hanci, muka ce kai, wannan ya yi. Goggo dai ba ta tanka ba, ta ce a ɗebo mata garwashi a kasko. Ta bari harshen wutar ya kwanta, toka ta ɗan lulluɓe shi, sannan ta ɗauki ɗan ƙanƙani da yatsa biyu ta ɗora. Minti biyu ba a yi ba ƙamshin ya gudu, ya bar ƙaurin sukarin da ya ƙone.

"Ke 'yar nan, an sayar miki da bakin kwalba," in ji Goggo. "Icen bai sha turare ba, fesa masa aka yi a sama."

"To Goggo, ya zan gane a kasuwa?"

"Ki ce a ƙona miki. Mai kaya na ƙwarai ba ya tsoron wuta."

Gaskiya ta faɗa, kuma mu duka mun san haka, gaggawa ce ke cin mu. Wannan sana'a a hannun Barebari da Shuwa muka gan ta, shi ya sa har yau in aka ce turare daga Maiduguri yake ko daga Chadi, kuɗinsa daban. Su ba sa garaje. Za a sassara icen hawi ko gabgab ƙanana, a soya shi da sukari har ya kama jikinsa, a zuba madarar turare, a rufe a ajiye makonni yana tsumuwa. Farce kuwa, wato murfin dodon kodin teku, sai an wanke shi an soya ƙarnin ya fita kafin a daka. Shi ke riƙe ƙamshi a humra, ki wanke zani ki shanya ki sauke, yana nan. Irin wannan turaren ne za ki sa da daddare, da safe ki ɗaga labule ya sake buɗe miki.

Kuma kowane wuri da abin da ya dace da shi. Falo yana ɗaukar mai nauyi, saboda kujeru da kafet suna sha. Ɗakin da yara ke kwana muna sa kajiji kaɗan, taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin su shiga. Wannan ba na wasa da shi, musamman da hunturu da kowa ke toshe ƙofofi: garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa, mai asma kuma hayaƙi ko na turare ne yana tayar masa da ciwo.

Na fesawa na gwangwani muna saye, ba mu ƙi ba, ranar da baƙo ya yi sallama babu wuta a murhu. Kaskon lantarki ma ya shigo, sai dai yana jiran a kawo wuta.

Maigidana tela ne, shi turaren tsinke yake sokawa a jikin taga da safe. Na hana shi kai kasko shago, don tartsatsi ɗaya ya faɗa kan shaddar mutane an shiga uku, ga kuma mai kawo ɗinki da ba ya son a mayar masa da kaya suna ƙamshin da bai zaɓa ba.

Maƙwabciyata ta rufe kwalbarta ta ce gobe za ta mayar. Goggo ta tura jikarta ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar kwalbar Horlicks da aka ɗaure bakinta da leda, ta ɗiba mata cokali biyu a takarda, ta ce ta sa bayan isha'i, da safe ta zo ta ba mu labari.