Amanar Bishiyar Roba

Tun da na yi wayo a gidan ubana na san itace da zaman waje. Cediya tana ƙofar gida inda dattawa ke shimfiɗa buzu da hantsi, durumi yana bakin kasuwa, gamji yana can bayan gari, kuma ban taɓa jin an ce wani ya ɗauki buta ya je ya shayar da ɗaya daga cikinsu ba, balle a kira shi a tuhume shi don ganye ya faɗi. Saboda haka a ranar da maƙwabcina, wanda aka tura Ingila ƙaro ilmi, ya turo ƙofata da kafaɗa yana rungume da wata tukunyar tangaran mai ɗauke da bishiya, ya ce, "Malam, ga amana, ka riƙe mini har Allah ya dawo da ni," sai na karɓa hannu bibbiyu, ina ganin tun da aka fara ajiya a duniya ba a yi mai sauƙin wannan ba, domin ba ta cin tuwo, ba ta tsinke igiya ta shiga gonar mutane, kuma ɓarawo ba zai sa ta a aljihu ba. Na kuma san abin da malamanmu na Malikiyya suka tabbatar a babin wadi'a, cewa wanda aka ba ajiya babu lamuni a kansa idan ta halaka, sai fa in ya yi sakaci ko ya yi ta'addi. Nan take na ƙudurta a raina cewa kome za a same ni da shi, ba dai sakaci ba.

Da yake ni mutum ne da ba ya shiga al'amari sai da hujja, sai na nemi littafin tsirrai na yi muɗala'a. Ashe baƙuwar tawa, wadda ake kira bishiyar roba, masana kuma suke ce mata Ficus elastica, dangin ɓaure ce, 'yar'uwar cediya da durumi da gamji ta jini, sai dai asalinta daga arewa maso gabashin Indiya ne har zuwa Bama da Malaya da tsibirin Jawa. A dajin ƙasarsu takan wuce mita 30 a tsawo, kuma a duwatsun Kasi na Indiya mutane kan lanƙwasa saiwoyin da ke saukowa daga rassanta, su bi da su ta kan rafi shekara da shekaru har su zama gadar da ake takawa a haye. Abin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa shi ne garin Cerafunji na wannan yanki, inda ruwan sama ke haura milimita 11,000 a shekara, wato fiye da ninki goma na abin da Kano ke samu.

To, ga wanda ya taɓa zama gaban malami ya ji darasin usulu, wannan ai ƙiyasi ne da ya zo har gida. Ga asali, ga reshe, ga illa a fili, saura fitar da hukunci, na kuwa fitar: halittar da kakanninta suka saba da irin wannan ruwa, aka kawo ta ƙasar da ake wata bakwai ba ɗigo, babu abin da take bukata illa a shayar da ita. Na sanya mata ƙa'ida, duk lokacin da na gama alwala sai in juye mata abin da ya rage a buta, daga asuba har lisha, ranar da ba ni da aiki kuma in ƙara mata nafila da walaha.

Ba a daɗe ba ganyen ƙasa ya soma rawaya, wata safiya muna karin kumallo muka ji fat! ya faɗi a kan siminti, wani ya biyo bayansa kafin azahar. Na duba na ce ƙishirwa ce, na sake buta babba. A cikin wannan tsakani ne sauro ya yi mana sallama, alhali damina ta wuce, maƙwabta duk sun naɗe gidajen sauronsu, mu kaɗai muke kwana muna tafi.

Daga nan ƙofar fatawa ta buɗe, domin babu baƙon da zai shigo falo ya ga majinyaciya ya fita bai bar magani ba. Wani abokin aikina ya ce a zuba mata ganyen shayin da aka gama sha. Ƙanin uwargida ya ce a gidajen manya da madara ake goge ganyen don ya yi sheƙi. Kawuna, wanda ya yi noma tun kafin a haife ni, ya leƙa tukunyar ya ce yunwa ce, ya aiko mini da kwanon kashin awaki. Inna kuwa ta ce duk shirme muke yi, bakin mutane ne ya kama ta, gama ba a ajiye abu mai kyau inda kowa zai yaba. Ni kuma, tunda an ce saɓanin malamai rahama ne, sai na tattara rahamar duka na zuba a tukunya ɗaya. Hunturu ya shigo da ƙurarsa ta manne wa madara, kiyashi suka yi sahu daga bakin taga zuwa ƙolin bishiya, kashin awaki ya sha ruwan alwala ya kumbura ya fara bayyana ra'ayinsa, har baƙi suka koma gaisawa daga tsaye. Uwargida, wadda ta daɗe tana haƙuri, ta same ni bayan magariba ta ce, "Malam, ko dai bishiyar nan ta bar falon nan, ko ni in je gida in ga su Baba kwana biyu. Ka zaɓa." Na zaɓa. Na fitar da amana tsakar gida, inda ranar tsaka ta ƙona mata ganye ya yi tabo-tabo, sanyin asuba kuma ya kakkaɓe rabin abin da rana ta bari.

Ana cikin haka na lura da wani abu ja mai tsini ya fito a ƙolinta, na tsaya na yi nazari na yanke cewa ga tushen cutar nan ya bayyana kansa, na kawo reza na fille shi. Wani farin ruwa mai kauri ya tsatso ya cika mini yatsu. Wannan ruwa yana da tarihi, domin da shi aka yi ta yin roba a ƙasashen Asiya kafin wata bishiyar Barazil ta ƙwace kasuwar, bayan da wani Bature mai suna Henry Wickham ya kwashi irinta kimanin 70,000 ya kai lambun Kew na Landan a 1876. Mu ma nan gamjinmu yana da nasa danƙon da Turawa suka taɓa saye da sunan jar robar Kano. Amma duk wannan tarihi bai zo mini a rai ba a lokacin, abin da ya zo shi ne wani ƙwaro da ya faɗa mini a ido, na kuwa sa yatsa na murza. Wanda bai ɗanɗana ba, Allah ya sa kada ya ɗanɗana. Na wanke da ruwa har randa ta yi ƙasa, duk da haka da na isa masallaci idon ya yi jawur ya kumbura, mutane suka ɗauka afolo ce, sahun da kullum ake matse ni a cikinsa ran nan sai da ya bar mini filin mutum biyu dama da hagu, bayan sallama kuma kowa ya gaishe ni yana kallon rufi.

Uwargida ce ta aika aka kira wani dattijo da ke sayar da furanni a bakin titi. Ya zo ya yi sallama, ya tsuguna, bai ce uffan ba ya kama gindin bishiyar ya ɗaga, sai ga wata ƙaramar tukunyar roba mai huji a ƙasa ta fito daga cikin ta tangaran, wadda ita ba ta da huji ko na allura. A ƙasan ta tangaran ɗin kuwa ga ruwan alwalata na watanni yana kwance, baƙi ƙirin, yana wari kamar tsohuwar rijiyar marina, 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a ciki. Uwargida ta dubi ruwan, ta dube ni, ta koma ɗaki.

Dattijo ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ke ba ta ruwa?" Na ce ni ne, kuma da hujja, na karanto masa labarin Cerafunji da milimitocinsa. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Allah ya ƙara sani. Amma can a gefen dutse take, ruwa ya zuba ya wuce abinsa. Saiwa ma numfashi take yi, in ta kwana cikin ruwa sai ta ruɓe, in ta ruɓe kuwa ba ta iya sha, sai ganye ya yi yaushi mai ita ya ce ƙishirwa ce ya ƙara." Na gane cewa akwai farƙi tsakanin asali da reshe a ƙiyasina, amma har gobe ina ganin marubucin littafin nan yana da nasa kason, domin wanda ya iya ƙirga ruwan sama na wata ƙasa bai kamata ya manta da hujin tukunya ba. Da dattijon ya ga inda na yanke a ƙoli sai ya yi salati, ya ce jan abin nan kube ne da sabon ganye ke naɗe a ciki, in ganyen ya buɗe shi da kansa yake faɗuwa. Wato ganye ɗaya tak da baiwar Allah ta yi niyyar fitarwa a hannuna, shi na yi wa kaciya.

Ya datse saiwoyin da suka yi baƙi suka yi laushi, ya sake mata ƙasa mai gauraye da yashi, ya ajiye ta kusa da tagar gabas a bayan labule, inda haske ke isowa ba tare da zafin rana ba. Ya ce kada a ba ta ruwa sai an tura yatsa gaɓa biyu an ji ƙasa a bushe, in an ba ta a bari ya tsiyaye a zubar da abin da ya taru, a riƙa goge ƙurar ganye da tsumma mai laima, kuma a daina yawo da ita, domin dangin ɓaure ba sa son ƙaura. Duk wannan bayani uwargida ya fuskanta yana yi, ta bayan labulen ɗaki, ni da na biya ladan aiki ina tsaye a gefe.

Na kai mas'alar lamuni gaban malamin unguwarmu, na ce sakaci dai kowa shaida ne ban yi ba, saura a duba ko yawan kyautatawa yana shiga babin ta'addi. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce zai duba Muhtasar na Halil, har yanzu yana dubawa. Bishiya tana nan da rai, sanda ce doguwa da 'yan ganyaye a ka, wani jan tsinin ya sake fitowa, ni kuma an haramta mini wucewa ta gabanta da buta ko reza. Mai son ya gan ta ya zo bayan la'asar, za a ba shi shayi, amma ganyen shayin a kwandon shara za a zuba.