Jinjina Ga Giwayen Dutse

Allah ya ja zamanin Honorabul talatin, giwayen Dutse, gamzakai masu zama a inuwar sandar majalisa, hadarin gabas mai cika ido, ma'abota tsawa da walƙiya waɗanda ba su taɓa jiƙa wa kowa riga ba. Daga nan Gagarawa Tasha nake miƙo gaisuwa, a madadin masarautar Lautai kaf, Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da mu nan bakin dogo, domin yabon gwani ya zama dole.

Babbar baiwar da Allah ya yi wa wakilanmu ita ce sanin darajar talaka. A wasu ƙasashe marasa tarbiyya, in rijiyar burtsatse ta lalace sai hukuma ta yi wuf ta gyara, ta hana mutanen gari samun lada. Namu ba su da wannan haɗama. Sun san ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, don haka suke ja da baya cikin kunya da kawaici, su bar mana fagen tona. In mun tona mun gama, sai su miƙe a zaure su yaba mana. Wane adalci ya wuce wannan?

Na gani da idona a wani ƙauye da ke yamma da tasha. Tuƙa-tuƙar garin ta yi wata bakwai ba ta ɗiga ba. Yara mata kan fita da asuba da jarkoki a amalanke, su dawo rana ta take, an riga an tashi daga makaranta. Ƙungiyar matasa ta bi gida-gida tana karɓar mudun gero, wata tsohuwa ta ba da kazarta guda tilo, aka sayar, aka ɗauko makaniki daga Gumel. Ranar da ruwa ya fito, labari ya kai kunnen wani Honorabul, shi kuwa da yake ɗan halas ne bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya iso da motoci shida, aka kafa rumfa, maroƙi ya wasa shi har muryarsa ta dushe. Ya miƙa wa shugaban matasa takardar yabo a cikin gilashi, mai zanen zinariya a gefe, ya kama hannun famfon ya tuƙa sau uku don mai hoto ya samu abin ɗauka. Ruwan da ya sha a wurin na gora ne daga motarsa, saboda tausayi, kada ya rage wa talakawa nasu. Tsohuwa mai kaza tana can bayan rumfa tana guɗa. Takardar na nan rataye a zauren mai unguwa, ko tsatsa ba ta yi ba.

Sai kuma muhawara, inda gwanintar take. Wanda bai taɓa jin yadda ake tattauna manufofin jama'a a zauren nan mai alfarma ba, bai san daɗin zaman lafiya ba. Majalisun Turai cike suke da hayaniya, ɗan majalisa ya tsare minista da tambaya har gumi ya karyo masa, abin kunya. A namu zauren, wannan ya miƙe ya yaba wa Mai Girma Gwamna, wancan ya miƙe ya goyi bayan yabon, na uku ya nuna cewa yabon bai kai ba a ƙara. Kakaki ya nemi masu goyon baya, zaure ya amsa da murya ɗaya kamar sahun sallah, guduma ta sauka. Kasafin kuɗi na biliyoyin naira, littafi mai kaurin tubali, yakan ratsa wannan zaure ya fita lafiya ƙalau ba ƙwarzane. Abin da ya gagari fahimta kuwa a miƙa wa kwamiti, wannan rumbu mai albarka da ba a taɓa jin ya cika ba.

Kada wani ya zaci giwa ba ta da haure. A ƙarshen 2023, shugabannin ƙananan hukumomi uku, har da na Gumel, suka tafi Ruwanda ba tare da izini ba. Nan take majalisa ta dakatar da su. Ka ji maza! Ashe kunnen na ji, hannun kuma na da sauri, matuƙar abin ya kai a motsa. Tafiya ba sallama cin fuska ne ga manya. Ajin da rufinsa ya yaye, yara saba'in a ƙasa gaban malami ɗaya, wannan ƙaddara ce, kuma mai ilimi ba ya jayayya da ƙaddara.

Mu mutanen Gagarawa mun fi kowa shaida haƙurinsu. A zamanin Gwamna Badaru Abubakar, lokacin da aka ware wa kamfanin Lee hekta 12,000 a ƙasarmu da maƙwabta domin noman rake, manoma suka yi ta kuka kan gonakin gado da kuɗin diyya, kukan ya shiga jaridu da gidajen rediyo. Sai dai magina sun yi wa zauren Dutse bango mai kauri, don kada ƙarar waje ta katse wa masu tunani tunaninsu. Wannan ma gudummawar al'umma ce, mafi girma, domin wanda ya ba da gonar kakansa ya fi mai kaza. Ina roƙon a buga wa kowane manomi tasa takardar, mai gilashi, ya samu abin bar wa 'ya'yansa.

Kuma dubi yadda suke kiyaye mana kayan tarihi. Dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, shi ya ba garinmu suna. Yau jirgi ya zama baƙo, awaki na hutawa a kan layi ba mai firgita su. Yankin ciniki maras haraji na Maigatari, da aka kafa tun zamanin Saminu Turaki, an lallaɓa shi shekara da shekaru kamar kayan ɗakin amarya, kada yawan amfani ya tsufar da shi. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari na cika da raƙuma da shanu daga Nijar, riɗinmu da zoɓonmu na tafiya har ƙetaren teku, mai nomansu kuwa an tsare shi daga fitinar dukiya.

Sakamakon wannan hidima bai ɓuya ba. A ƙididdigar talauci ta 2019 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar, mutum 87 cikin kowane 100 a Jigawa na ƙasa da layin talauci. Sakkwato da Taraba kaɗai suka sha gabanmu, su ma da ƙyar.

Ranku ya daɗe, a shirya wata takardar. Tuƙa-tuƙar nan ta sake tsayawa tun watan jiya, matasa sun fara zagayawa da mudu.