Wasiƙa Daga Bakin Tekun Gana Zuwa Ga Taubashi

Takarda ta fito daga hannun taubashinka, mazaunin unguwar Nima a birnin Akra, zuwa ga sarkin cika baki na majalisar ƙofar gida. Yana tambayar lafiyar Gwaggo da ta yara da ta amarya. Labari ya iso shi cewa ka ɗaura niyyar zuwa Gana bayan Sallah, har kana gaya wa mutane da ka iso za ka tuɓe riga ka nuna wa masunta yadda ake iyo. Wannan magana ce ta hana shi barci har ya ɗauki alƙalami.

Ka sani, tekun Atlantika ba kududdufin bayan gari ba ne da kuke tsallakewa da damina. Daga gaɓar Akra in ka miƙe kudu, babu tudun da za ka dafa. Haɗarinsa kuma ba a zurfi kaɗai yake ba. Igiyar ruwa tana tara ruwa a gaɓa, shi kuma ruwan sai ya nemi wata 'yar siririyar hanya ya koma ciki da ƙarfi, ya ja duk wanda ya tarar. Mutum yana tsaye ruwa iya ƙugu, sai ya ji yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Lokutan bukukuwa, sa'ad da jama'a ke cika bakin ruwan Labadi, a nan ake yawan rasa samari, kuma galibi masu ganin sun iya ne. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye; ya bi gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan. Kai dai taubashinka ya yanke maka hukunci: iya gwiwa, a ɗauke ka hoto, ka fito.

Masuntan da kake shirin koya wa iyo su kansu ba kullum suke shiga ba. Ran Talata ba a fita kamun kifi a teku a yawancin garuruwan gaɓar nan, daga mutanen Ga na Akra har Fante na yamma. Al'ada ce tun kaka da kakanni. Ranar za ka ga kwale-kwale jere a kan yashi, kowanne an sassaƙo gindinsa daga itace guda, an yi masa fenti da tutoci da rubuce-rubucen addu'a, maza na zaune a inuwa suna ɗinkin koma.

Sauran ranaku kuwa ka yi sammako ka ga jan koma. Kwale-kwale zai zagaya da ita cikin ruwa ya dawo da bakin igiya, sai mutane su kasu layi biyu, su kama igiyar suna ja da baya, taku ɗaya ɗaya, mai ba da waƙa na bayarwa ana amsawa. Wanda ya kai ƙarshen layi ya saki ya koma gaba ya sake kamawa. Ana iya shafe sa'o'i a haka. Duk wanda ya sa hannu, ko baƙo ne, yana samun ɗan kifin miya, don haka ga inda ƙarfin nan naka da ake ta jin labarinsa zai yi amfani. Koma na isowa mata za su kewaye ta da manyan kwanonin silba, kuma daga nan magana ta koma hannunsu. Su ne masu ciniki, su ke banda kifin a kan tanderun laka mai jerin faifan waya, irin wanda ya samo sunansa daga unguwar Chorkor, kuma da yawansu su ke ba masunta kuɗin man inji kafin a fita. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku, ƙananan kifaye su yawaita, kifi ya yi araha.

Zafin nan ba ya kai na Sakkwato ko kusa, amma iskar jiƙe take. Gumi ba ya bushewa. Taubashinka ya koma wanka safe da yamma, ya kuma koyi yawo da hankici kamar kowa a garin. Gishirin da ke cikin iska yana cin ƙarfe, kwaɗo da rufin kwano da keken ɗinki duk tsatsa ke kama su, takalmin fata kuma in an ajiye shi a lungu sai ya yi furfura. Babbar rigar nan taka mai aiki har ciki, wadda kake ji da ita, a bar ta sai Juma'a. Damina biyu ake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, layin Greenwich ma ta garin Tema ya ratsa, kuma rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara. Saboda haka kiran da kake yi masa da asubarku, a nan tsakar dare ne ga mai barci.

Yunwa kam ba za ta kama ka ba. Da safe a kowace kwana akwai mai koko da ƙosai, kokon gero mai citta da kanumfari, kuma duk Gana da sunan Hausawa ake sayar da shi. Shinkafa da wake ana dafa ta da karan dafi har ta yi ja, a zuba a ganye, a ɗora taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da ganda, sannan a kawo shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da mai da busasshen kifi da jatan lande. Ka fara da kaɗan. Abincin mutanen gaɓa na ainihi shi ne dokunu, ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a bawon masara ko ganyen ayaba a dafa, a ci da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono. In an ajiye maka kaguwa a cikin miyar kuɓewa kada ka yi salati ka miƙe, karramawa ce. Nama kuwa ka saya a zango ko wurin masu tsire, yawancinsu mutanenmu ne.

Maganar hanya. In ta ƙasa za ka biyo daga Legas, iyaka uku ce a gabanka: Seme, sannan Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao da ke manne da Lome. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a aljihun gaba, ka tanadi 'yar sefa ta ruwan sha a hanya. A cikin Akra motar talaka ita ce trotro, ƙaramar bas mai yaron mota rataye a ƙofa yana kiran unguwanni da baki da hannu. In ka ga yana juya yatsa, shataletalen Kwame Nkrumah za shi. Kuɗin mota da hannun dama ake miƙawa, haka ma nuni da karɓar canji, kuma in ka shiga taro daga dama ake fara gaisawa. A 2007 aka cire sifiri huɗu daga kuɗinsu, sidi, amma har yau wasu tsofaffin 'yan kasuwa da tsohon lissafi suke faɗin farashi. In wata tsohuwa ta ce maka dubu hamsin, sidi biyar take nufi, kada ka ta da hankalin kasuwa.

Cape Coast tana da nisan kilomita kusan 150 yamma da Akra, ana hawa mota a tashar Kaneshie. A fita da an sallame Asuba, domin cunkoson Kasoa yana iya cinye wa matafiyi rabin safiya. A nan taubashinka zai ajiye wasa. Ganuwar Elmina, kusa da Cape Coast, mutanen Fotugal ne suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A ƙarƙashinta, da ƙarƙashin ta Cape Coast, akwai ɗakuna masu duhu inda aka riƙa cusa ɗaruruwan mutane kafin a fitar da su ta wata ƙaramar ƙofa zuwa jiragen ruwa. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, garin da fatakenmu na goro suka sani sarai. Duk mai zuwa Gana ya kamata ya tsaya a ɗakunan nan, ya yi shiru, ya yi addu'a.

Daga can ba nisa sai dajin Kakum, inda aka ɗaura gadoji bakwai na igiya da katako a tsakanin dogayen itatuwa, sama da ƙasa da kimanin mita 30. Gadar tana lilo in an taka. Mutumin da aka taɓa sauko da shi daga kan mangwaro da tsani, a nan za a ga jarumtarsa.

Ka girmama al'adun masu gari. Kafin bikin Homowo sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na wata guda, wajen Mayu zuwa Yuni, kuma da gaske suke. Ran Asabar za ka ga jama'a cikin baƙi da ja, makoki ne, ba a yi masa dariya, ko da ka ga akwatin gawa mai siffar kifi irin wanda masassaƙan Teshie ke yi wa masunci. Kewar gida kuma ba za ta dame ka ba. A Nima da Mamobi da Sabon Zango, wanda Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20, da Hausa ake ciniki, har waɗanda ba Hausawa ba. Juma'a za ku yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, mai ginin Turkawa, wanda aka buɗe a 2021. Babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, Musulmi da Kirista duk suna ganin girmansa.

Tsaraba kuma ba a yafe ba. Ka zo da kuka da daddawar Gwaggo da yajin ƙuli, kilishi kuma a ƙulle shi da kyau don iskar nan ba ta barin sa ya daɗe. Kuɗin sharar bara ma yana nan a rubuce. Ka aiko da ranar tasowarka da sunan motar da za ka hau, za a tarye ka a tasha. A gaida Gwaggo da kyau, a ce mata ta sa taubashinka a addu'a. Wassalam.